Jikka Goma Sha Biyar

Shekara tara ina tura kura,
jarka goma, daga famfon Garin Malam zuwa zaurukan Birni,
har tafin hannuna ya manta laushi.
Damagaram, dutse a ciki, ƙishi a baki,
ni kuwa ƙishin nan ne gonata.

Manzo mai shayi ne ya fara faɗa mini:
an buɗe rajista a cibiyar koyon sana'a,
haɗa famfo, wata shida,
kowane wata jikka goma sha biyar.
Na ce, Manzo, wa ke biyan mutum don ya zauna a benci?
Ya ce, je ka gani, benci ba ya cizo.

Hoto biyu, da takardar haihuwa
da inna ta ɓoye cikin kwalla har ta yi warin daddawa.
Madam Barira ta dube ni ta saman gilashi.
Shekarunka nawa? Na ce, yadda takarda ta ce.
Baki nawa kake ciyarwa?
Na ƙirga, yatsun hannu ɗaya suka ƙare, na ara a ɗayan.
Ta rubuta. Ba ta yi dariya ba.

Watan farko ya mutu, kuɗi ba su zo ba.
An ce suna Yamai. An ce saura sa hannu ɗaya.
Mai hannun kuma, an ce, ya tafi taro.
Cima ta daina tambayata,
shirun nan ya fi tambayar zafi.
Kura na jingine a zaure tana kallona.
Da asuba in tura sahu biyu, in ruga aji da jiƙaƙƙen wando.
Mushe Kyari ya ga sawun ruwa a siminti,
ya kau da kai, ya ci gaba da yankan bututu.

Lawandi, wanda muke raba benci da shi,
wanda ya fi ni hannu nesa ba kusa ba,
bai jira ba.
Ya hau motar Agadas da buhu ɗaya.
Har yau ba mai zama a gefen nan na bencin.

Ran da ni ma na yanke ba zan koma ba,
sai ga yaro har Kara-kara: Madam na kira.
Akwai ɗan asusun gaggawa, ta ce,
tiya huɗu ta gero, da kuɗin kabu-kabu na mako biyu.
Na fara godiya, ta tare ni:
ba sadaka ba ce, ajiye godiyarka,
haƙƙinka ne, sa hannu nan.
Na riƙe biro kamar mai riƙe kunama.
Mutari, na rubuta, harafi shida masu tangaɗi,
ban dangwala yatsa ba.

Kuɗin sun zo daga baya, wata biyu a haɗe,
salula ta yi ƙara ina tsakar alwala.
Jikka talatin ba ta gina soro,
amma ta biya Manzo shayinsa,
ta sayi maganin tarin Uwani,
abin da ya rage ya zama sifana mai jan mariƙi.
Ita nake fara dubawa in na farka.

Jiya na shiga wani gida a Birni,
gidan da na yi shekaru ina tsayawa a bakin randa.
Na kwance, na naɗa zare, na ɗaure, na murɗa kan famfo.
Ya yi tari, ya yi atishawa, ya hura iska.
Ko ɗigo.
Tsohuwar ta ce, aikinka ya yi kyau, ɗan nan,
ruwa kuwa sai ranar da suka ga dama.
Ta miƙo ladana, ta ƙara da cewa:
in ka fita, turo mini mai kura.

Na ce, to, Hajiya.
Ƙanena ne ke tura ta yanzu.
Sunansa na kan takardar da za a liƙa a bango bayan salla,
Madam Barira ta ce ya zo da hoto biyu.