Mai Awon Barci

Shekara goma sha tara ina tsinkar furen babunaj
a gonar Hajji Abdul-Tawwab, can cikin Fayyum,
durƙushe tun raɓa ba ta ɗauke ba,
yatsuna sun rine har sabulu ya sallama.
A auna, a biya mu ladan kilo,
a ɗinke buhu, mota ta yi Iskandariya da shi.
An ce a ƙasashen sanyi ake sha, a yi ta minshari.
Mu da muka tsinka,
ciwon baya ke raba dare da mu.

Ran da na sayar da 'yan kunnen aurena
ƙanwata Mirfat ta riƙe haɓa:
"Badriya, wa zai sayi abin da ke tsirowa a bakin rafi?"
Na ce ruwa ma a rafi yake,
ga shi nan a gora ana cinikinsa.

Na sayo tsohon ma'auni mai harshen tagulla,
da takardar ƙunshi, da zare.
Na baza fure a kan soro, ƙarƙashin rumfa,
don rana ɓarauniyar ƙamshi ce.
Babunaj tafi uku, na'a-na'a ɗaya,
ɗan yansun, busasshen ɓawon lemo.
Makon farko ƙulli huɗu na sayar,
biyu bashi.
Mako na uku akuyar maƙwabta ta hau soro
ta cinye ribar wata guda,
ta kwanta tana tuƙa, lafiya lau.
Ni ce na kwana ido biyu ina lissafi,
mai sayar da barci, babu ko na ɗanɗano.

Sannu dai aka fara sallama.
Girgis mai gidan burodi, wanda darensa hantsi ne,
na ce ya rataya bargo a taga, ya rage baƙin shayi.
Malama Nagwa da wayarta ƙarƙashin matashi,
na ce ta kwantar da ita a wani ɗaki
kamar yaron da aka yaye.
Shahat direba ya ce numfashinsa na tsayawa cikin barci.
Na mayar masa da kuɗinsa:
wannan ya fi ƙarfin tukunyata, asibiti za ka.

Sai wani dare, na riga na rufe,
Ummu Rida ta zo daga Tatun, takalmi duk taɓo.
Ɗanta ya shiga kwalekwale daga Libiya,
kwana arba'in da ɗaya, waya shiru.
Ta ce, "Ba ni mafi ƙarfi."
Na dubi kwalabena, sun dube ni.
Wane ganye ke rufe idon da ke gadin ƙofa?

Na dai hura wuta.
Na zuba, na rufe kofi da faranti kada tururi ya gudu,
na ɗiga zuma.
Can nesa keken ban-ruwa na ta nishinsa,
ya ɗebo, ya zubar, ya ɗebo.
Ta ce yana sa lamba arba'in da uku.
Ta ce gefen gurasa yake ci, ya bar mata tsakiya.
Ta ce tun yana goye ba ya son wanka,
yaya aka yi ya yarda da teku?
Ban ce komai ba.
Shayin ya huce, rabi ta sha.

Dab da asuba kanta ya zame kan kafaɗata,
nauyi kamar tulun da aka cika.
Hannuna ya mutu, ban motsa ba.
Ladan ya kira, zakaran Girgis ya amsa,
ban motsa ba.

Da safe na buɗe littafin ciniki,
na tauna bakin fensir.
Ƙarƙashin ƙulli biyu na Nagwa na rubuta:
kafaɗa ɗaya,
ba a auna ba.
Sannan na hau soro juya fure,
na tarar akuyar nan ta riga ni.