Jan Fenti

Ni ne mai bokitin jan fenti.
Ranar Talata aka miƙo min takarda a ofis,
gida arba'in da ɗaya, bakin kwarin Herwagana,
aka ce: shafa, kar ka tsaya gaisuwa.
Na shafa.
Bango bayan bango ina gitta ja,
yara na bina shiru kamar masu rakiyar gawa.

Da gari ya waye babu ko ɗaya.
An kwaɓa ƙasa an yaɓe,
jan ya koma ciki kamar maganar da aka haɗiye.
Na sake. Suka sake.
Sau uku muna wannan gaisuwar kurame,
ni da rana, su da dare.

A ofis wani ya ce a kawo 'yan sanda.
Wani ya ce ai don su ake yi,
ruwan bara ya ci ɗaki tara da yaro guda,
wa zai ƙi magudana in ba jahili ba?
Gaskiya ce.
Amma gaskiyar da aka cillo ta kan katanga
ko a tsakar gida ta faɗi, sunanta jifa.

Injiniya Gidado bai tanka ba.
Ranar Asabar ya zo, ba jiniya, ba rumfa,
ya tuɓe takalmi, ya baje taswira a tabarmar Jauro,
ya danne kusurwa huɗu da duwatsu.
Ya ce: ga abin da muka zana.
Ku nuna min inda muka kauce.

Shiru ya yi tsawo har mai shayi ya sauke tukunya.
Sai Inna Dudu mai ƙosai ta matso,
ta ɗora yatsa mai maiƙo a kan takardar gwamnati:
Ɗana, ruwa bai san wannan layin ba.
Damina talatin ina kallonsa,
a gindin tsamiya yake karya kwana
ya bi bayan shagon Bappa Sambo.
Ya rubuta.
Tabon man yana nan a fayil har yau.

Sannan Hammadu tela ya miƙe, murya na rawa:
Me ya sa layinku ya taho a miƙe tun daga gada,
da ya iso farar katangar nan
sai ya rusuna ya kewaye?
Kowa ya san gidan wane ne. Ba wanda ya kira suna.
Na ga gumi ya tsattsafo wa Injiniya a wuya.
Ya ce: ba ni da amsa yau. Ku ba ni mako.

Ba wanda ya yarda zai dawo, har ni.
Kwana tara ya yi. Ya fara da ba da haƙurin kwana biyun,
sannan ya warware takarda.
Layi ya miƙe.
Aka ce in fara da farar katanga.
Hannuna ya yi rawa, fenti ya ɗigo min a ƙafa,
unguwa duk tana tsaye.

Aka karanta diyya a fili, suna da adadi,
wanda aka tauye ya ce an tauye, aka sake awo.
Da la'asar Inna Dudu ta karɓi burushi daga hannuna
ta gitta bangon ɗakin da ta haifi 'ya'ya bakwai.
Ba ta yi kuka a gabanmu ba.

Kar ku ce labari ya ƙare da daɗi.
Rabin kuɗin Bappa Sambo har yanzu yana hanya.
Duk Litinin yana benci a ƙofar akanta,
hularsa a gwiwa,
kuma duk Litinin da ya koma hannu rabbana
sai in ji kamar ana kwaɓa ƙasa a wani lungu
ana jiran bangon da zan shafa gaba.

Abin da na sani ke nan, ni mai bokiti:
jan da na shafa da izinin hatimi
dare ɗaya ya kwana.
Wanda ta shafa da hannunta
ya tsaya har ranar da katafila ta iso,
kuma ita ce ta fito da zane a kafaɗa
ta nuna wa direba ta inda zai shiga.