Ladan Yana Sama

A ajinmu na bakin teku, nan tsibirin Flores,
ruwan sama kan riga ɗalibai zuwa.
Bokiti huɗu nake jerawa kafin in buɗe rajista,
na biyar tukunyar gidana ce.

Shekarata goma sha ɗaya ina malamar wucin gadi.
Wucin gadin har ya yi mini furfura.
Albashina rupiya dubu ɗari uku,
a baki da yawa, a hannu ba nauyi:
buhun shinkafa guda, da ɗan abin zuba wa babur mai.
Sai ya yi wata uku a hanya,
ranar da zai iso kuwa, mai kanti ya riga ni sani.

Da la'asar ina soya ayaba a tashar kwale-kwale.
Kornelis, wanda na koya wa lissafi da safe,
shi ke ƙirga mini canji, kansa a sunkuye
don kada mu haɗa ido.

Ana saura wata biyu zaɓe
Dominikus Lako ya sauka da motoci bakwai.
Yara suka yi layi tun hantsi, Imelda ta suma a rana.
Ya ce ilimi ne ƙashin bayan ƙasa.
Ya ce malami kyandir ne, yana ƙonewa don wasu su gani.
Na buɗe baki in tambayi wa ke sayen kyandir ɗin,
shugaban makaranta ya taka mini ƙafa.
Baƙon ya riƙe hannuna har mai hoto ya gama,
ya ce, "Malama Wea, ladanku yana sama."

Ya ci zaɓe.
A majalisa, in ji masu kawo labari, an kwana ana lissafi.
Wani ya ce asusu ya ƙafe.
Wani ya ce ɗan masunci kifi zai kama, ina ruwansa da taswira.
Nasu 'ya'yan suna Surabaya, a aji mai na'urar sanyi.
Da asuba aka sa hannu kan sabuwar ƙofar gari
mai zakunan siminti guda biyu.

Da damina ta kankama iska ta yaye kwano uku.
Mahaifin Kornelis bai ce uffan ba.
Ya ɗauki adda ya nufi mararraba,
ya kwanto hoton kamfen,
tamfol mai kauri, faɗin tabarma shida.
Shi da maƙwabta suka ɗaure shi kan rufi da igiyar koma,
fuskar tana kallon ciki.

Yanzu in na ɗaga kai, ga shi nan,
haƙora fes, hannu a ƙirji,
da rubutun ILIMI KYAUTA GA KOWA
wanda 'yan aji ɗaya suka koyi baƙaƙe da shi.
In ruwa ya taru a kumatunsa
sai mu tokare da gora ya zube waje.

Ba zan ci haƙƙinsa ba:
tun da na kama alli
ban ga ɗan siyasar da ya tsaya mana haka ba,
dare da rana, ba hutu, ba alawus.

Jiya Imelda ta nuna sama da fensir,
ta ce, "Malama, shi ne ladan?"
Na ce ta buɗe shafi na arba'in.

Tukunyata dai ta koma gida.