Yau Ba Inda Za Ni

Ɗari ya kwana a bakin ƙofa
kamar baƙon da ba a ba tabarma ba.
Ruwan randa ya yi haƙora,
buta ma sai da ta ɗanɗani murhu
kafin ta yarda mu yi alwala.

Lawali ya ɗaura wa jaki barkono,
ya nufi Mirriya, rawani har hanci.
Gida ya rage mu uku:
ni, da kyanwa, da kaskon wuta.

Na ja kujera jikin rumbu
inda hantsi ke fara sauka.
Kunun tsamiya a ƙoƙo, hannu biyu na riƙe,
ba don yunwa ba,
don yatsu su tuna nawa ne.
Can kan duwatsu wani yaro na kiran akuya,
ya kira, ya kira, ya haƙura.

Farar ƙasa tun jiya take jiƙe a tsohuwar tasa.
Na naɗe zane, na tsoma tsumma,
na bi bango daga dama.
Hayaƙin damina biyu ya yi ta ja da baya
har ya ɓuya bayan azara.
Daga gindi na zagaya da jar ƙasa,
na ja layi da ɗan yatsa, ya karkace.
Na bar shi.
Iya Magaram takan ce:
layin da ya cika miƙewa
ba mai ɗakin ce ta ja shi ba.

Faya-fayai goma sha ɗaya na sauke.
Wannan daga Tanut, tsarabar ƙanena.
Wannan ni na saƙa ina goyon Barira,
jan karan dafinsa ya koɗe,
amma ga inda barci ya sace ni
na tsallake ido biyu.
Shi na mayar tsakiya.

Ƙwaryar da ta tsage shekarar fari,
ɗinkinta kamar sawun kiyashi,
na goge ta da man shanu, ta yi murmushi.
Akushi baƙi, ludayi uku, maburgi.
Matashin fata na dukawan Birni
ya tsufa, ya yi laushi kamar kuncin kaka.

Sai furannin roba da Barira ta aiko daga Yamai.
Wata huɗu suna cikin leda,
ba su san ni ba, ban san su ba.
Yau na soka su a tulun da ya daina riƙe ruwa,
na haɗa su da zangarniyar gero biyar.
Suka dubi juna.
Na ce, ku saba, gida ɗaya ne.

Tsahara ta leƙo ta katanga, majina na zuba:
"Wa zai zo?"
Na ce ba kowa.
"To biki?"
Na ce ba biki.
Ta zagayo dai, muka tone dankali daga toka,
muna hurawa, muna jefa shi hannu zuwa hannu.
Ba mu yi gulmar kowa ba.
Sanyi ya hana.

La'asar ta shigo ta ƙofa a sunkuye,
ta taɓa tasoshi ɗaya bayan ɗaya
kamar mai ƙirga sadaka.
Na barbaɗa turare a garwashi.
Kyanwa ta miƙe, ta dafa bango bai bushe ba,
ta bar mini tambari huɗu ƙasan taga.
Na ɗaga tsumma,
na ajiye.

Da magariba na ji kofaton jaki.
Lawali ya tsaya bakin ƙofa,
ya tuɓe takalmi, ya yi sallama har sau biyu.
"Ko na ɓata gida ne?"

Na ce shigo, malam, ka ja asabari,
kada ɗari ya riga ka.
Har yanzu akwai fari a gwiwar hannuna,
gobe na wanke.