Ruwan Zartsi

Tanimu ya dawo daga Kurmi ran Laraba,
da 'yar jaka, da tari, da kwalba guda.
Ya tarar ina ɗinkin koma a gindin goruba.
Ya ce, "Baba, kurɓi, ka faɗa mini na ina ne."

Na kurɓa, na tofar.
Na ce, "Wannan ai rijiyar bayan masaƙa ce,
wadda ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sha."
Ya yi dariya har tarin ya taso.
Ya ce, "A bakin kogi na ɗebo shi,
inda kogi ke miƙa wa teku hannu.
Bai kai gishiri ba, ya wuce na sha.
Zartsi ne, Baba, amma gari guda ke ci a cikinsa."

Ya tsuguna, ya share ƙasa da tafin hannu,
ya shiga zane da tsinke.
"Akwai wanda teku ya biyo kwari
ya shigo har ɗaka ba sallama.
Akwai wanda yashi ya gitta wa baki
kamar asabari a ƙofa,
ruwa ya kwanta a baya, shiru.
Wani kuwa laka ce ta yi masa yawa,
ya rabu yatsu-yatsu, har matuƙi ya ɓata."

Ya ce itatuwan can a kan ɗage suke tsaye,
saiwoyinsu a waje, kamar mai tattare zani zai haye rafi.
Kawa na manne a jikinsu.
Ƙaguwa mai hannu ɗaya babba tana daga wa kowa.
Har da kifin da ke fitowa tudu ya sha hantsi!
Nan na ce, "Tanimu, ji tsoron Allah."
Ya rantse.
Sai na tuna gaiwa, da ke rufe kanta a busasshiyar laka
ta jira damina,
na yi shiru.

Ya ce ruwansu sau biyu yake zuwa a yini,
sau biyu yake komawa.
Na ce namu sau ɗaya ne a shekara,
shi ma sai in masu madatsa sun ga dama.

Ɗana, kogin Haɗeja bai san teku ba.
Yana isowa nan sai ya sauke kaya,
ya baje a fadama kamar baƙon da ya sami tabarma.
Nan karfasa ke share gurbin ƙwai,
nan tarwaɗa ke kiwo cikin burgu,
bado ya buɗe, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya
yana lissafin abin da ba nasa ba.
Kirinjijiya ta sauka da dare, da fito.
Da kaka baƙin tsuntsaye su zo Baturiya
daga ƙasar da ban san sunanta ba,
wataƙila sun yada zango a bakin kogin naka.

Yanzu kacalla ta cinye hanyar jirgi.
Inda na jefa birgi ina saurayi,
yau lauje nake kaiwa.
Ya ce, "Can ma haka, Baba.
Mai ya kwanta a kan ruwa,
an sare itatuwan an yi banda da su.
Abin da ya koro ni ke nan."

Muka zauna har aka kira magariba.
Uwarsa ta leƙo, tana neman kwalbar
za ta zuba man gyaɗa.
Tanimu ya ɗauka, ya gangara bakin tafki,
ya juye.

Ina kallo daga nan.
Ruwanmu bai ce komai ba,
ya karɓa.