Mai Wankin Gilashin Babban Titi

Ni ne Clifford Tebbutt, mai tsani da bokiti.
Shekara talatin da ɗaya ina wanke wa Rushden ido,
garin takalma a tsakiyar Ingila.
Ba da suna nake ƙirga shaguna ba,
da gilashi nake ƙirga su:
saba'in da huɗu ranar da na gaji tsanin kawuna,
yau sha tara,
har da na gidan caca.

Da, mahauci nake fara wa ran Litinin,
ina sauri kafin ya jera nama.
Yanzu an shafe gilashinsa da alli daga ciki,
kamar idon tsohon da yana ta rufe.
Wasiƙu sun yi tudu a bayan ƙofa;
masu bin bashi kaɗai ba su manta adireshin ba.

Banki ya tattara ya tafi.
Gidan waya ya raɓe a lungun wani kanti.
Agogon kasuwa ya tsaya a huɗu saura kwata
tun hunturun bara,
ba wanda ya kai ƙara.

Glenys Pettit ta auna ƙafar rabin garin nan,
ta san wanda babban yatsansa ya karkace,
ta san yaron da zai fi ubansa tsawo.
Yau sai su shigo su zauna,
ta durƙusa ta ɗaura musu igiya,
su taka, su juya, su ɗauki hoton kwalin,
su fita su saya a waya.
Kura da shan bugu,
gardi da karɓar kuɗi.

Masana'antar da ubana ya yanki fata har ya yi furfura
an yanka ta ɗaki-ɗaki, an zuba 'yan haya.
In an yi ruwa, bulonta kan tuna,
ya saki warin fata da gam.
Masu labule a sama suna cewa magudana ce.

Kada in wanke kowa in bar kaina:
takalmin da ke ƙafata ta teku ya zo,
rabin kuɗin na Glenys.
Wata biyar ya buɗe baki.
Nakan ɓoye shi bayan bokiti in ta fito da shayi.

Ran Asabar ta juya makulli,
ta miƙo mini kuɗin wata biyu da ban yi aikinsu ba.
Na zaro littafina a mota,
na soke sha tara,
na rubuta sha takwas.

Sai ga kira ran Laraba.
Tamsin ce, jikarta:
wai in biyo ta bayan gida, wajen gareji.

Katakon ƙafa ɗari biyu da za a kai wa wuta
suna rataye a bango, kowanne da lambarsa.
Keken ɗinkin da ya girmi uwarta yana tari.
Glenys na kan kujera, tabarau a hanci,
tana cewa, “Warware, wannan ɗinkin ba zai ga baɗi ba.”
Ƙafa shida a mako.
Ɗaya za ta Glasgow, ɗaya wata ƙasa mai ƙanƙara.
Farar motar nan da ta kwashe wa titi mutanensa
ita ke tsayawa da yamma ta kwashi kwalayen.
Ban san ko in gaishe da direban ba.

Tsiro ne wannan,
ko ganyen ƙarshe a reshe?
Ni ba masani ba ne, ruwa da sabulu na sani.
Ƙafa shida ba za ta ciyar da gari ba.

Taga ɗaya ce, ba ta fi faranti ba,
gizo-gizo ya yi mata labule.
Ta ce haske take so a kan allura.
Ko tsani ban sauke ba.
Na goge, na sake gogewa,
rana ta faɗo a kan jar fata.

A mota na lashi bakin fensir,
na soke sha takwas.