Wanzami Ba Ya Son Jarfa

Shekara arba'in da bakwai ina riƙe da aska
a Ƙofar Marke, gindin darbejiya.
Na yi askin suna, na cire beli,
na kafa ƙaho a gadon bayan 'yan dako,
na yi tsaga uku-uku a gwiwar mai sanyin ƙashi,
na murza garin saiwa da babban yatsa,
yana ihu, ina cewa: daure mana, kamar ba namiji ba.

To ga abin da ban taɓa faɗa a majalisa ba:
ni Arzika, allura nake tsoro.
Tun da suga ya kama ni bara waccan,
in malamar asibiti ta ɗaga sirinji
ta matsa, ɗigo ya tsaya a baki yana kallona,
sai in juya ina duban kalandar bango
kamar wanda ya yi boko.

Ran Laraba bayan la'asar Luba ta zo,
ɗiyar ɗana, mai karatun haɗa magani.
Ta ajiye wani abu a tafin hannuna,
faɗinsa bai fi kwabo ba.
Na ce, wanga ai filasta ce.
Ta miƙo gilashin ƙara girma ta ce, sake dubawa, Kaka.

Sai ga ƙayoyi.
Sun fi ɗari, a jere, sahu-sahu,
kamar dashen albasa a fadamar Kwalkwalawa,
kowace ba ta kai ƙaiƙayin gero ba.
Harshen kyanwa ya fi su kaushi.

Ta ce a cikin ƙayar ake daskarar da magani, kamar alewa.
In an danna, saman fata kawai take hudawa,
ba ta isa inda zafi yake kwana ba,
ba ta tashi jini daga barci ba,
can za ta narke, kamar kanwa a tukunya.
Ta ce wannan ta nuni ce, babu komai cikinta,
har yanzu masana na ta gwaji.

Ta naɗe mini hannun riga, ta danna.
Na runtse ido, na ciji leɓe,
ina jiran zafi yadda ake jiran mai bin bashi.
Jirgi ya wuce sama. Akuya ta yi atishawa.
Bai zo ba.

Ni fa na san fata.
Gida ce mai katanga.
Mu wanzamai fasa katangar muke mu shiga,
sirinji kuwa mashi ne, har ƙuryar ɗaki.
Wannan a zaure ta tsaya ta yi sallama,
ta ba da saƙo, ba wanda ya farka.

Mahaifina yakan ce maganin da bai yi zafi ba
ruwa ne.
Na gaskata shi. Na ci abinci da maganar.
Akwai mutane a Tsohuwar Kasuwa
da ke yawo da rubutun hannuna a jikinsu,
wasu sun warke suna gode mini,
ɗan Namadina kuwa tsagarsa ta yi ruwa,
har yau da ɗingishi yake gaishe ni.

Da asuba wajen alwala na duba dantse:
ɗigo-ɗigo ja, kamar sauro ya yi shawara ya fasa.
Kafin azahar babu ko alama.
Aikin da ba ya barin suna!
Na rasa ko haushi nake ji ko kunya.

Na tambaye ta: zan riski ranar da za a sa mini ta gaske?
Ta gyara mayafi, ta ce Allah ya sa.
Yarinyar ba ta iya ƙarya ba, ta gado uwarta.

Gobe Alhamis ina da layi a asibiti,
zan sake karanta kalandar.
Filastar kuwa ban yar ba.
Tana cikin zabira, tsakanin ƙaho da dutsen washi,
duk sanda na buɗe ɗaukar aska
sai na taɓa ta tukuna.